Zanen Bango: Makarantar da Ba Ta da Ƙofa

Bangon da ke bakin hanya, kowa yana ganinsa: mai zuwa kasuwa, mai ɗibar ruwa, yaro da tsoho, wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba. Shi ya sa zane a kan bango hanya ce mai ƙarfi ta koyarwa. Takarda takan yage, jawabi a manta da shi, amma zane yana nan kullum.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni magina a Zariya, Kano da Damagaram suke ƙawata gaban gida da dagi da sauran zane-zane. Sukan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin kada ruwa ya ci shi.

Malamin da ya koyar da zane

A 1958 waɗansu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Ra'ayinsu shi ne a haɗa ilmin makaranta da gadon gida. Ɗaya daga cikinsu, Bruce Onobrakpeya, ya zana hanyar gicciye a majami'ar St. Paul da ke Ebute Metta a Legas, ya sa mutanen ciki cikin kama da tufafi irin na ƙasarmu.

Bayansu aka yi Gani Odutokun. An haife shi a Gana a 1946, ya yi karatun zane a Zariya, ya kuma koyar a can daga 1976 har ya rasu a hatsarin mota a 1995. Ya yi zanen bango da na bangon littattafai, ya kuma yaye ɗalibai masu yawa. Abin koyi a nan shi ne, gwani ba ya riƙe sana'a shi kaɗai. Yakan miƙa ta ga na baya.

Yadda za mu yi a ƙauyukanmu

A ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bungudu akwai bangon makaranta, na asibiti da na majami'a da ke tsaye babu kome a kansu. Ga matakai:

1. A zauna a zaɓi saƙo guda ɗaya, misali wanke hannu da sabulu, kwana cikin gidan sauro, ko sa yara mata a makaranta.
2. A nemi izinin mai bango da na mai gari. Waɗansu maƙwabta ba sa son hoton mutum a fili. A irin wannan wuri a zana rijiya, itace, buta ko dagi, domin zaman lafiya.
3. A fara zana hoton a takarda, a raba shi gida-gida. Sai a ja gidaje manya a bango da alli, a kwafe gida bayan gida. Ta haka ko ɗan koyo zai iya.
4. A yi aikin da rani, bayan kaka. A guji bangon da ke fuskantar gabas, domin daga can hadari yakan taso.
5. A ba yara da matasa rabonsu. Wanda ya sa hannu a zane ba zai bari a ɓata shi ba.

Hattara da fenti

Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum. Waɗansu fenti na mai, musamman rawaya da ja, su ma suna ɗauke da dalma. Idan ya tsufa yakan ɓare ya zama ƙura, yara su haɗiya. Saboda haka a yi amfani da fenti na ruwa, ko farar ƙasa, jar ƙasa da gawayi. Kada a ci abinci wurin aiki, a kuma wanke hannu bayan an tashi.

Tambayoyi don tattaunawa

Wane bango ne jama'a suka fi wucewa ta gabansa a garinmu? Wane saƙo muka fi bukata a bana? Wane ne cikinmu ya iya zane, yara nawa zai koya wa?