Kibiya da Fartanya da Duwatsun Ado a Bayan Gilashi

Duk lokacin da aka tayar da zancen kayan tarihin Afirka da ke ajiye a Turai, hankali yakan tafi ga kayan sarauta, musamman tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, alhali kaso mai yawa na abin da ke jibge a gidajen adana kayan tarihi kayan talakawa ne, irin su fartanya da gizago, da kwari da baka, da tufafin da aka ƙawata da duwatsun ado. Gidan tarihi na Pitt Rivers da ke Oxford ya isa misali. An kafa shi a 1884 da kayan da Janar Augustus Pitt Rivers ya ba jami'ar garin, yau kuma abin da ke cikinsa ya haura 500,000. Tsarin janar ɗin shi ne a jera kaya bisa irinsu ba bisa ƙasarsu ba, wato baka kusa da baka ko daga ina ya fito, domin ya nuna, a nasa ganin, yadda fasaha ta taso daga hannun waɗanda ya ɗauka marasa wayewa har ta kai ga Bature. An daɗe da watsar da wannan ra'ayi, amma jerin yana nan, kuma yanzu shi ne yake ƙaryata mai shi.

Alal misali, kibiyar mutanen San na yankin Kalahari ƙarama ce, bakansu kuma ba shi da ƙarfin kayar da babbar dabba nan take, don haka aikin duka yana ga dafi, wanda suke samu daga tsutsar wani ƙwaro da suke tonowa a gindin itatuwa dangin dashi. Ba a shafa dafin a tsini, sai a ɗan bayansa, don kada maharbi ya yanki kansa, sannan an haɗa kibiyar gaɓa-gaɓa yadda kan zai zauna a jikin dabba idan kyauron ya faɗi, sai maharbi ya bi sawu, wani lokaci har kwana ya kewayo. Maharban ƙasar Hausa kuwa da kwankwani suke haɗa nasu dafin, tsiro ne da sinadarin 'ya'yansa yake tsayar da zuciya. Wani ɗan'uwan wannan tsiro ne John Kirk, likitan ayarin mai yawon bincike Livingstone, ya gani a hannun maharban yankin kogin Zambezi, kuma daga cikinsa ne Thomas Fraser na Edinburgh ya fitar da maganin ciwon zuciya wanda likitoci suka fara amfani da shi wajen 1885. Dafin irin waɗannan kibau yakan daɗe bai mutu ba, shi ya sa ma'aikatan gidajen tarihi ba sa taɓa su sai da safar hannu.

Inda gizo ke saƙa shi ne takardar bayanin da ke maƙale da kayan. Sau da yawa tana ɗauke da sunan ƙabila da shekara da sunan jami'in mulkin mallaka ko ɗan mishan da ya kawo abin, amma babu sunan maƙerin da ya ƙera fartanyar, balle na manomin da tafin hannunsa ya goge ƙotar har ta yi sheƙi. An ɗauko ƙarfe, an baro ilimin a gida.

Tufafin duwatsu sun fi ɗaukar ido, kuma sun fi rikitar da mai neman abin da yake kira asalin gargajiya, domin ƙananan duwatsun gilashi da Yarbawa suke ɗinka kambin sarakunansu da su, mai labulen da ke rufe fuskar sarki, da waɗanda matan Ndebele na Afirka ta Kudu suke jerawa a kan fatar da suke ɗaurawa a ƙugu don a bambance budurwa da matar aure, yawancinsu daga Venice ta Italiya da Bohemiya fatake suka kawo su a ƙarni na 19. Wannan bai sa sana'ar ta zama baƙuwa ba, tun da an tono duwatsun ado fiye da 100,000 a Igbo-Ukwu waɗanda suka kai shekara dubu, an gano wurin narka gilashi a Ile-Ife, kuma masagan Bida, masu sarrafa gilashi, har gobe suna wannan aiki. Raunin irin wannan tufa yana ga jijiya ko zaren da aka shirya duwatsun a kai, wanda yake bushewa ya tsinke, don haka a kwance ake ajiye ta, nesa da haske mai ƙarfi.

A gida ma akwai wuraren ajiya, kamar gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da Gidan Makama na Kano, sai dai gidan tarihi na Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya bi wata hanya dabam, domin a cikin harabarsa aka ba maƙera da dukawa da masaƙa rumfuna, suna aiki suna sayarwa, baƙo yana iya tsayawa ya tambayi mai sana'a sunan kowane ƙarfe da amfaninsa.