Masu Gyaran Amfilifaya: Injiniyoyin Kaduna Da Ba Su Da Takarda

Ɗan ƙanwata, wanda ya gama digiri shekaru uku da suka wuce bai kuma dace da aikin ofis ba, ya mayar da shagon zauren gidansu da ke Badarawa ɗakin ɗaukar sauti. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: kwamfuta ɗaya, fiyano, makirfo biyu, ƙaramar miksa, lasifika biyu, sai soson katifa da ya manna a bango. A nan yake ɗaukar waƙoƙin biki da tallace-tallacen rediyo, da abin da ya samu yake biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Kwanakin baya ya sayo wata amfilifayar jita ta gwanjo, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, ya kawo gida ya jona a bango. Ba ta yi minti guda ba ta yi gurnani, ta fitar da hayaƙi, ta yi shiru. Da ya kira ni, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Kawu, jarina ya ƙone."

Washegari muka ɗauke ta zuwa wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a wani lungu da ke bayan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wanda na san shi tun zamanin da nake kai masa rediyon kaset. Bai taɓa sukurdireba ba sai da ya juya bayan akwatin, ya gyara tabarau, ya nuna wa yaron wani ɗan rubutu. "Ɗana, karanta mini wannan," in ji shi. Abin da aka rubuta shi ne 120. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa. Tamu 230 ce, sau 50. Wanda ya sayar da na'urar ya yanke filoginta na asali ya sa irin namu, bai kuwa ce uffan ba. Da aka buɗe ciki sai ga abin da ya fi wannan muni: inda fis ya kamata ya kasance, wani ya naɗa waya mai kauri. Wato ɗan abin nan mai arha da aka yi domin ya tsinke ya ceci sauran kayan, an hana shi aikinsa, sai taransifoma ta ƙone a madadinsa.

Wannan ziyara ce ta sa na ga ya dace a yi magana a kan wata sana'a da garin Kaduna ya dogara da ita matuƙa, amma ba ya ambatonta a tarukan ci gaba. Duk sautin da mai karatu yake ji a garin nan, daga tafsirin azumi a Masallacin Sultan Bello zuwa waƙoƙin majami'u ranar Lahadi, daga ɗakunan biki zuwa motocin 'yan talla, ta cikin amfilifaya yake bi, kuma kusan kowace amfilifaya da ta kwana biyu a ƙasar nan ta taɓa kwanciya a teburin mai gyara.

Sana'ar tana da asali a nan. A 1962 aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, kuma tashar da ake saurare daga Sakkwato har Maiduguri ba ta tafiya sai da ma'aikatan da suka san cikin na'ura. A gefe guda, kowane mai rediyo a gida yana bukatar wanda zai duba masa ita, a lokacin da ba a san yar da abu don ya lalace ba. Makaɗan zamani su ma suna cikin masu kawo aiki. Manyanmu ba su manta da marigayi Bala Miller ba, wanda ya rasu a 2003, da ƙungiyarsa ta Great Pyramids of Africa da ke wasa a Costain Club da jitoci masu amfani da lantarki. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma sai finafinan Hausa suka zo da fiyanon Yamaha, wanda mutum guda zai zauna a gabansa ya fitar da kalangu da sarewa da ganga. Da kwamfuta ta yi arha sai sitidiyo ya bar manyan gine-gine ya shiga ɗakin samari. Kayan sun yawaita, masu su sun ƙaru, amma waɗanda suka san yadda wuta take tafiya a cikinsu sai raguwa suke yi.

Dalilin raguwar ba ɓoyayye ba ne. Yaron da zai zauna shekara biyar yana koyon bin sawun matsala daga wannan ƙafar taransista zuwa waccan, ya ga abokinsa ya koyi canja gilashin wayar salula a wata uku har ya fara samun na kashewa. Ba laifinsa ba ne. Amma sakamakon shi ne an sami masu gyara da yawa da ba su san komai ba sai cire fanel a sa wani, idan kuwa ba a sami fanel ɗin a kasuwa ba sai su ce na'urar ta mutu. Dattijon nan namu yana da kwali guda cike da irin waɗannan "gawarwaki" da ya saya a arha, ya ce yawancinsu abin da ya kashe su bai fi kafasita ɗaya ko dalmar da ta tsage ba.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ƙasarmu ba ta da tausayin kayan sauti. Kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tace wuta ya daidaita ta, akwai ruwan sinadari a cikinta, kuma zafi yana busar da shi. A jikinta ake rubuta iyakar zafin da za ta ɗauka, 85 ko 105 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙa'idar da masana suka sani ita ce duk ƙarin zafi na maki 10 yana rage rabin kwananta. To, a ƙiyasta na'urar da aka ƙera domin ɗaki mai sanyi a Turai, aka kawo ta ɗakin da aka toshe tagoginsa da soso, a watan Afrilu, a Kaduna. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallan ƙara da rage sauti, shi ne ƙarar-ƙarar ɗin da ake ji idan an murɗa su. Sai uwa-uba wutar lantarki, wadda takan zo ƙasa-ƙasa ta wahalar da na'ura, ko ta dawo da ƙarfi ta yi ɓarna. A Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Mando, kowane sitidiyo sai ya koma kan ƙaramin janareta, wanda wutarsa ke hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wajen tsofaffin masu gyara shi ne kunnensu. Kafin su sa mita, sukan saurari gunjin da lasifika ke yi idan ba a kaɗa komai. Gunji mai kauri na ƙasa-ƙasa, wanda ya yi daidai da kai-komon wutar gari sau 50, yawanci daga waje yake shigowa, ta wayar da ba ta da kariya ko ta matsalar wayar ƙasa. Wanda ya ɗan fi shi tsini, mai sau 100, yakan nuna kafasitocin tace wuta sun gaji. Jita kuwa ta fi kowane kayan kiɗa kwashe-kwashe, domin abin da ke ɗaukar sautinta maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai, a ƙarƙashin tsirkiya. Kamar yadda yake jin motsin tsirkiyar, haka yake jin fanka da taransifoma da caja. Wannan ne ya sa wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya fito da dabarar naɗi biyu masu saɓa wa juna a tsakiyar shekarun 1950, ta yadda gunjin ɗaya zai kashe na ɗayan.

A nan ne kuma hatsarin yake. Idan gunji ya dami mai sitidiyo, akwai "magani" da ya yaɗu a tsakanin samari: a karya doguwar ƙafar filogi, wato ta wayar ƙasa. Sau da yawa gunjin yakan tafi, shi ya sa ake yaba dabarar. Abin da ba a faɗa shi ne, tsirkiyar jita a haɗe take da ƙarfen jikin amfilifaya. Ranar da wata waya ta kwance a ciki ta taɓa ƙarfen, wutar ba ta da hanyar shiga ƙasa sai ta jikin mai kaɗawa, musamman idan leɓensa ya taɓa makirfo ko yana tsaye ba takalmi a kan siminti. Ba tatsuniya ba ce. Haka Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a 1972, haka kuma Keith Relf ya mutu a gidansa a 1976 yana riƙe da jitarsa. Gidajenmu da yawa ma ba a binne musu sandar ƙasa ba tun farko, ramin soket ɗin na uku ado ne kawai. Masu karambanin buɗe tsohuwar amfilifaya mai kwalabe su ma su sani cewa kafasitocinta kan riƙe wuta sama da bolt 400 bayan an cire ta daga bango.

Da can, wanda na'urarsa ta lalace yana iya cewa zai sayi sabuwa. Tun da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023, Dalar da ake saye ƙasa da Naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024, wannan magana ta zama ta masu hali. Ni kuwa a ganina, tsadar nan ba sharri ce zalla ba, idan muka duba yadda manyan kamfanonin wannan fanni suka faro. Leo Fender, wanda sunansa ke jikin jitocin da suka fi shahara a duniya, mai gyaran rediyo ne da ya buɗe shago a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, bai ma iya kaɗa jita ba. Makaɗa ne suka riƙa kawo masa kayansu da suka lalace, ya ga inda suke yawan mutuwa, ya fara ƙera nasa masu sauƙin kwancewa da gyarawa. Jim Marshall kuma mai shagon kayan kiɗa ne a Landan. Tsadar amfilifayar Amurka ce ta sa a 1962 shi da ma'aikatansa suka kwaikwayi tsarin wata ta Fender da kayan da ake samu a Ingila, bambancin kayan ya haifar da wani sauti na daban da har yau ake nema. Kusa da mu ma, Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da kiɗansa, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko.

Kada a ce ba a ƙira a Kaduna. Ana yi. Akwai masu naɗa taransifoma da hannu, akwai masu sake naɗin lasifikar da ta ƙone, akwai masu harhaɗa amfilifayar masallaci da ta biki a cikin akwatin ƙarfe, kafintoci na yi musu akwatunan lasifika. Inda gizo ke saƙar shi ne awo da ingancin kaya. Taransistocin nan na 2SC5200 da 2SA1943 da ake yawan amfani da su, jabunsu ya cika kasuwa, lamba iri ɗaya, amma ƙwayar da ke ciki ƙarama ce, da an ƙure sauti sai ta fashe. Sannan akwai lissafin da ba a koya wa masu saye: lasifika biyu masu om 8 idan aka jera su a baki ɗaya sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, kuma kowace amfilifaya tana da iyakar da za ta jure. Kwamitin masallaci zai ƙara lasifika huɗu a kan na da saboda sallar Juma'a, na'ura ta ƙone, a ce mai ƙira ne ya yi algus. Shi kuma mai ƙirar ba shi da na'urar da za ta nuna masa siffar sautin a allo, balle ya iya rubuta ainihin ƙarfin abin da ya ƙera. Sai ya manna lambar da ta yi masa daɗi.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan cikin gari. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali tun 1956 ta kuma ɗauki sunanta na yanzu a 1968, tana Tudun Wada, maƙwabciyar Panteka. Hedikwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ta daɗe a nan Kaduna. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabancin kwalejin an yi ƙoƙarin jawo masu sana'ar Panteka a tantance ƙwarewarsu a ba su shaida, kuma tunani ne mai kyau. Sai dai idan ana maganar sana'ar hannu, hankali yakan tafi ga walda da kafinta da gyaran mota. Mai ƙarfen dalma ba a cika tunawa da shi ba. Ɗalibin injiniya yana da lissafi da ɗakin gwaji, amma zai iya gama karatu bai taɓa ceto na'ura ɗaya daga mutuwa ba. Dattijon lungu yana da shekara arba'in na gogewa, amma ba ya iya karanta takardar bayanin kaya da Turanci. Da za a tura ɗaliban koyon aiki irin waɗannan shaguna, a kuma buɗe wa masu shagunan ɗakin gwajin ko da ranar Asabar ce, da kowa ya sami abin da ya rasa. Mu ma masu kai gyara muna da namu laifin, domin mu ne muke ciniki a kan kuɗin fis.

Bayan kwana tara muka koma. Dattijon ya kwance taransifomar, ya ƙirga zagayen tsohon naɗin, ya sake naɗa ta daidai da wutarmu, ya canja kafasita huɗu da masu lamba 105, ya sa fis na gaskiya da filogi mai ƙafa uku. Kuɗin aikin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yaron ya saye ta ba. Da na tambaye shi yaran da yake koya wa aiki, sai ya nuna mini benci guda da babu kowa a kai, ya ce, "Alhaji, na ƙarshensu ya koma gyaran waya tun bara." Sannan ya juya ga ɗan ƙanwata ya ce kada ya kuskura ya jona ta sai ya kira mai wayarin ya duba ko akwai sandar ƙasa a gidan.