3.2 Adalci a Tsarin Sufurin Birnin Kano

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda birnin Kano ya bunƙasa har ya haɗe ƙauyukan da ke kewaye da shi. A wannan sashe kuwa za a duba ko tsarin zirga-zirgar birnin yana yi wa masu ƙaramin ƙarfi adalci. Abin da ake nufi da adalci a nan shi ne talaka ya iya kai kansa wurin neman abinci ko makaranta ko asibiti, ba tare da kuɗin mota ya cinye abin da ya samo a yini ba.

Akasarin masu ƙaramin ƙarfi suna zaune ne a unguwannin bayan gari, kamar Rijiyar Lemo da Kurna da Ɗorayi da Rimin Kebe, saboda sauƙin kuɗin haya. Wuraren sana'arsu kuwa, wato kasuwannin Kwari da Sabon Gari da Singa da masana'antun Sharaɗa da Bompai, suna da nisa da gidajensu. Saboda haka wanda ya fi kowa ƙarancin samu shi ne ya fi kowa doguwar tafiya, wani lokaci ma sai ya hau abin hawa biyu kafin ya isa.

Idan aka dubi manyan ayyukan da gwamnatoci suka yi daga 2011 zuwa 2023, za a ga cewa gadojin sama ne suka fi fice, kamar ta Ƙofar Nasarawa da ta Dangi da ta Hotoro. Babu shakka sun rage cunkoso a mahaɗar hanyoyi. Sai dai mai motar kansa ne ya fi cin moriyarsu, domin gada ba ta rage wa lebura ko sisi daga kuɗin da yake biya.

Abin hawan talaka kuwa ya sha fama da dokoki. A shekarar 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku, waɗanda aka fi sani da A Daidaita Sahu, domin ɗaukar mata. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana sana'ar acaɓa a cikin birni. Dalilin tsaro ne, kuma dalili ne mai ƙarfi, amma ba a tanadi isassun motocin safa da za su maye gurbin baburan ba. Nauyin jigilar jama'a sai ya koma kan A Daidaita Sahu kusan gaba ɗaya. An ga illar haka a watan Fabrairun 2021, lokacin da direbobinsu suka yi yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum, mutane suka riƙa tafiya a ƙasa zuwa wuraren aikinsu. Haka kuma a watan Nuwamban 2022 an hana su bin wasu manyan hanyoyi, amma ba a jima ba aka janye dokar saboda koken jama'a. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar kuɗin hawa.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa duk dokar da ta hana wani abin hawa kafin a samar da madadinsa, a kan talaka take ƙarewa. Legas ta gwada wata hanya a 2008, inda ta keɓe wa manyan motocin safa layinsu a kan titi. Wannan darasi ne ga Kano, da ma garuruwa masu tasowa irin su Gusau da Ƙauran Namoda. A sashe na gaba za a duba matsayin masu tafiya a ƙasa da masu kekuna a cikin wannan tsari.