Finafinan cika buri da mutumin da ke zaune bayan tebur

Akwai wani nau'in fim da ba kasafai yake faɗuwa a kasuwa ba, ko a Amurka aka shirya shi ko a Indiya. Talaka ne ko ɗan talaka, da burin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Duniya ta juya masa baya, ya sha wuya har mai kallo ya fara share ƙwalla, sannan a mintoci goma na ƙarshe ƙofa ta buɗe. Ma'aikacin da ya ɓata sa'o'i a cunkoson Nyanya da Mararaba kafin ya isa gida, idan ya kunna irin wannan fim a wayarsa ya ɗauki kansa shi ne jarumin, babu mai ganin laifinsa. Dama don haka aka yi fim ɗin.

Sai dai wanda ya sake kallo karo na biyu, ya ɗauke idonsa daga fuskar jarumin ya duba gefen hoton, zai riƙa cin karo da wani mutum da ba a cika sa sunansa a jikin fosta ba: mai riƙe da mabuɗi, ko hatimi, ko biron sa hannu. A hannunsa labarin yake juyawa. Ga mai aiki a Sakatariyar Tarayya, ko hadimin wani babba da ke tace wanda zai shiga da wanda zai jira, wannan ce kujerar da ya fi zama a kai daga Litinin zuwa Juma'a.

A fara da wanda kowa ya sani, The Pursuit of Happyness na 2006, wanda Gabriele Muccino ya ba da umarni, Will Smith ya fito a matsayin Chris Gardner tare da ɗansa na cikinsa, Jaden. Labarin ya faru a San Francisco a 1981. Gardner na yawo da na'urar gwajin ƙashi yana talla asibiti-asibiti ba mai saye, matarsa ta tafi, mai gida ya kore shi, har ya kwana da yaronsa a banɗakin tashar jirgin ƙasa yana tokare ƙofa da ƙafa. A cikin wannan hali yake koyon dillancin hannun jari a kamfanin Dean Witter, wata shida ba albashi, su ashirin ana neman mutum ɗaya.

Gardner na gaskiya ya yi nasara, har ya kafa kamfaninsa a Chicago a 1987. Amma masu fim sun ƙara gishiri. Yaron bai kai shekara biyar ba a lokacin, ɗan ƙarami ne da ake turawa a keken jarirai, kuma kamfanin na biyan masu koyon aikin ɗan alawus na dala 1,000 a wata. An cire alawus ɗin ne don wuyar ta ƙara tsanani, jarumtar ta ƙara haske. Abin da fim ɗin bai iya cirewa ba shi ne cocin Glide Memorial da limaminta Cecil Williams, inda uban da ɗansa suka samu makwanci, da kuma manajan da ya yarda ya saurari mutumin da ya zo ganawar neman aiki jikinsa duk fenti, bayan ya kwana a hannun 'yan sanda kan bashin tarar ajiye mota. Sauran mutum 19 da suka yi wata shida tare da shi kuwa, fim ɗin bai ce mana uffan a kan inda suka ƙare ba.

Fim ɗin da ya fi kusa da rayuwar mai karanta wannan shafi daga Indiya ya fito, ƙasar da Hausawa suka daɗe da sabawa da finafinanta tun zamanin gidajen silima na Kano da Kaduna, har zuwa yau da ake fassara su da Hausa. Sunansa 12th Fail, wato wanda ya faɗi jarrabawar aji 12, ajin ƙarshe na sakandare a can. Vidhu Vinod Chopra ne ya shirya shi a 2023 daga littafin Anurag Pathak, kuma burin jarumin bai wuce abin da yawancinmu muka riga muka samu muka raina ba: ya zama ma'aikacin gwamnati.

Manoj Kumar Sharma, wanda Vikrant Massey ya fito a madadinsa, ɗan wani ƙauye ne a yankin Chambal na jihar Madhya Pradesh. A makarantarsu satar amsa al'ada ce, malamai da kansu ke rubuta amsoshi a allo. Shekarar da Manoj zai zana jarrabawa sai aka kawo sabon jami'in ɗan sanda, Dushyant Singh, ya shigo makarantar ya tsayar da maguɗin, ɗaliban suka zube gaba ɗaya. A idon mutanen gari wannan jami'i mugu ne, ya ɓata wa 'ya'yansu shekara. Daga baya, lokacin da yaran wani ɗan siyasa suka sa aka kulle ɗan'uwan Manoj ba da haƙƙi ba, shi dai wannan jami'in ne ya fito cikin dare ya sa aka sake shi. Yaron ya tambaye shi yadda ake zama irinsa, ya ce masa ya fara da daina satar amsa. Shekara ta zagayo, an riga an yi wa jami'in canjin wurin aiki, maguɗi ya dawo, kowa ya ci da babban sakamako, Manoj ya ƙi kwafa ya tsira da mataki na uku.

A lura da girman abin da Dushyant Singh ya yi. Bai ba yaron ko sisi ba, bai rubuta masa takarda zuwa ga wani babba ba, bai ma san ya zama abin koyi ba. Aikin da ake biyansa albashi dominsa ya yi, sau biyu, a gaban idon yaron da bai taɓa ganin mai kaki ya yi haka ba. Sakamakon da ya samu daga sama kuwa shi ne canjin wurin aiki, abin da ba sai an yi wa wani ma'aikaci a Abuja bayaninsa ba.

Sauran fim ɗin gwagwarmaya ce a unguwar Mukherjee Nagar ta birnin Delhi, matattarar masu shirin jarrabawar shiga manyan muƙaman gwamnatin Indiya, wadda hukumar UPSC ke shiryawa. Mutum kusan miliyan ɗaya ke neman shiga duk shekara, guraben kuwa wajen dubu ɗaya ne, kuma sai an tsallake matakai uku: ta share fage, babbar jarrabawar rubutu, sannan ganawa ido da ido. Manoj ya share ɗakin karatu, ya yi aiki a injin niƙa yana karatu cikin ƙurar gari, ya faɗi sau uku, ya haye a karo na huɗu. Manoj na gaskiya ya shiga rukunin manyan jami'an 'yan sandan Indiya na 2005.

A ganina mutumin da ya fi kowa nauyi a fim ɗin shi ne Gauri, wanda ya ƙarar da duk damar da doka ta ba shi bai ci ba. Maimakon ya koma ƙauye da baƙin ciki, sai ya buɗe teburin shayi, ya mayar da shi wurin koyar da 'ya'yan talakawa kyauta, kuma shi ya ɗauke Manoj daga injin niƙa ya ba shi masauki don ya samu sukunin karatu. Chopra ya yi abin da Muccino bai yi ba: ya juya kyamara ga wanda bai kai gaci ba, ya nuna cewa da jarinsa aka gina nasarar wanda ya kai. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a fosta hannu ɗaya ake zanawa.

A Malawi ma haka zancen yake. The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, wanda Chiwetel Ejiofor ya shirya kuma ya fito a matsayin uba, labarin William Kamkwamba ne na ƙauyen Wimbe, wanda aka kora daga makaranta saboda kuɗin makaranta a lokacin yunwar 2001 zuwa 2002, ya haɗa injin iska da tarkacen bola da keken mahaifinsa yana ɗan shekara 14. Basirar tasa ce, babu ja. Amma littafin da ya ga hoton injin a bangonsa a wani ƙaramin ɗakin karatu yake, kuma akwai ma'aikaciyar da ta bar yaron da ba ɗalibi ba ya riƙa zama yana buɗe littattafai. Yunwar ita ma akwai hannun ofis a cikinta, domin an sayar da hatsin da gwamnati ta tanada a rumbunan ƙasa gab da lokacin da aka fi bukatarsa. Tebur ɗaya ya buɗe wa yaro ƙofa, wani teburin ya bar ƙauyensu da rumbu wayam.

Hidden Figures na 2016 kuwa, daga farko har ƙarshe labarin ma'aikatan tarayya ne. Katherine Johnson da Dorothy Vaughan da Mary Jackson baƙaƙen fata ne masu lissafi a cibiyar Langley da ke Hampton a jihar Virginia, ƙarƙashin hukumar da ta zama NASA a 1958. Abin da kowa ke tunawa shi ne wurin da shugabansu, wanda Kevin Costner ya fito a matsayinsa, ya ɗauki ƙarfe ya farfasa allon banɗakin da aka keɓe wa baƙaƙe. Wannan bai faru ba, shi kansa shugaban ƙagagge ne da aka harhaɗa daga mutane da dama. Abin da ya faru ba shi da armashin kallo, takardu ne. A 1941 shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarni mai lamba 8802, wanda ya hana wariyar launin fata wajen ɗaukar aiki a masana'antun tsaro, bayan da jagoran 'yan ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar jagorantar gangami zuwa Washington. Ta wannan kafa Dorothy Vaughan ta shiga Langley a 1943. Ta karɓi jagorancin sashenta a 1949, ta yi shekara biyu tana riƙon ƙwarya kafin a tabbatar da ita. Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin ofis da albashin wanda ke ƙasa da ofishin ya san ɗacin waɗannan shekaru biyu.

Gaskiya ne John Glenn ya nemi Katherine Johnson ta sake bin lissafin kwamfuta da hannu kafin ya kewaya duniya a watan Fabrairun 1962. Ta yi shekara 33 tana aiki, ta yi ritaya a 1986, lambar yabo mafi girma ta farar hula kuwa sai a 2015 shugaba Obama ya rataya mata, tana da shekara 97. Amma ɓangaren da ya fi jan hankalina fim ɗin bai kai gare shi ba. Mary Jackson, wadda sai da ta nemi izinin hukumar birnin Hampton kafin a bar ta ta zauna a ajin dare a makarantar fararen fata, ta zama injiniya a 1958. Bayan shekara ashirin ta ga ƙarin girma ya tsaya mata cak. A 1979 ta karɓi ragin matsayi da son ranta, ta bar aikin injiniya ta koma ofishin da ke kula da ɗauka da ƙarin girman mata a cibiyar. Wadda ta sha tsayuwa a gaban tebur ta zagaya ta zauna bayansa. Yau hedikwatar NASA a Washington sunanta take ɗauke da shi.

Wani zai ce ana neman rage wa jarumai lada. Ko kusa. Manoj ne ya yi karatu a cikin ƙura, Gardner ne ya kwana a banɗaki, babu wanda ya yi musu. Matsalar ita ce idan aka maimaita wa mutane cewa naci kaɗai ke kai mutum, sai wanda bai kai ba ya zama shi ne mai laifi, wanda ya danne fayil ɗinsa wata takwas kuma ya fita fes. Wannan karatu yana yi wa mai kujera daɗi ƙwarai, shi ya sa ya kamata mai kujera ya yi hattara da shi.

Fim ɗaya na sani da ya ɗauki mutumin bayan tebur ya mai da shi jarumi, kuma ya girmi duk waɗannan. Ikiru ne na Akira Kurosawa, daga Japan, 1952, wanda aka sake yi a Ingila a 2022 da sunan Living. Kanji Watanabe shugaban sashe ne a ofishin hukumar birni, shekara talatin yana buga hatimi bai taɓa fashin aiki ba, bai kuma taɓa ƙulla komai ba. Wasu iyaye mata suka zo da koke kan wani kududdufin ƙazanta a unguwarsu da ke sa wa 'ya'yansu cuta, suna so a cike shi a yi filin wasa. Aka yi ta tura su daga wannan sashe zuwa wancan har suka dawo inda suka fara. Sai Watanabe ya gane yana da cutar dajin ciki, saura masa 'yan watanni. Ya gwada shaye-shaye da yawon dare bai samu nutsuwa ba. Wata safiya ya dawo ofis ya zaro takardar matan daga cikin tarin da ke gabansa, ya riƙa bin ta ofis-ofis da ƙafarsa, yana rusunawa ga na sama da na ƙasa, ana wulaƙanta shi yana komawa, har aka gina filin.

Kurosawa bai ba shi taron karramawa ba. A zaman makokinsa mataimakin magajin gari ya tsaya yana nuna cewa aikin nasa ne, har matan unguwar suka shigo suna kuka a gaban hoton mamacin, manyan suka rasa abin cewa suka sulale. Ƙananan ma'aikatan da suka rage suka sha giya suka yi ta rantsuwa cewa daga gobe irin rayuwar Watanabe za su yi. Da aka koma ofis, wani ya zo da koken bututun ƙazanta da ya fashe, sabon shugaban sashen ya ce a tura shi sashen ayyuka. Ma'aikaci ɗaya ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi, ya dubi abokan aikinsa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga kujerar ya zauna, tarin takardu ya rufe fuskarsa. Da yamma ya bi ta kan gada, ya tsaya yana kallon yara suna lilo a filin.