Ɗan Aikin Yaro Da Rabon Ubansa Na Zakka

Zamfara ta soma aiki da Shari'a cikin 2000, kuma Hukumar Zakka da Waƙafi da ke Gusau na raba wa mabukata zakka. Wajen rubuta sunayensu a Bilbis ko Bungudu, akan tarar da tsoho wanda ɗansa ke dako ran kasuwa. To, wannan bai isa a soke sunan tsohon ba. A mazhabar Malikiyya, faƙiri shi ne wanda ba shi da abincin shekara, ciyar da iyaye kuwa ba ta hawa kan ɗa sai ya wadata. Saboda haka wajibi ne hakimai da malamansu su fara duba rumbun tsohon, don kada tsoron rasa rabo ya hana samari neman na kansu.