Gano Matsalar Tarbo a Injin Mota: Alamomi da Tushensu

1.0 Gabatarwa

Tarbo wani ɓangare ne na injin mota wanda yake cusa ƙarin iska cikin silinda, domin injin ya ƙona mai da yawa, ya ba da ƙarfin da ya zarce girmansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa wannan fasaha rajista a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka, wato Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano matsalar tarbo, tare da nuna cewa galibi a jikinsa alamar take fitowa, amma tushen cutar yana wani wuri daban.

2.0 Yadda Tarbo Yake Aiki

Fanka biyu ne a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyu ta zuƙo iska ta matsa ta. Sandar takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. A yawancin motoci, wani siririn shimfiɗi na baƙin mai ne kaɗai yake raba ta da boris ɗinta. Da zarar man ya yanke, ko ya gurɓata, ƙarfe zai ci ƙarfe cikin ɗan lokaci kaɗan.

3.0 Alamomi da Fassararsu

Alamar da direba ya fi saurin lura da ita ita ce raunin mota: a taka totur amma ta ƙi ja, musamman a hawa. Na'urar binciken kwamfuta kan nuna lamba P0299, wadda ma'anarta ita ce matsin iska bai kai yadda ake buƙata ba. Ya kamata a lura cewa lambar ba ta ce tarbo ya lalace ba. Tiyon da ya tsage, ko kilif da ya saki, ko matacin iska da ƙura ta toshe, ko ƙofar rage hayaƙi da ta maƙale a buɗe, duk suna iya haifar da ita. A injin gas, ƙarancin iskar kan zo tare da baƙin hayaƙi.

Shuɗin hayaƙi ya fi ruɗarwa, kuma a nan ne aka fi yi wa tarbo hukuncin zalunci. Gaskiya ne yana nuna baƙin mai na ƙonewa. Sai dai zobban da ke tsare mai a cikin tarbo ba roba ba ne, ƙarfe ne, kuma aikinsu ya dogara ga man ya riƙa gangarawa ƙasa ba tare da cikas ba. Idan bututun da ke mayar da shi ya toshe, ko matsi ya yi yawa a cikin inji saboda zobban fistin sun cinye, to man zai taru ya tsallake, alhali tarbon lafiyarsa ƙalau. Bakaniken da ya ga mai a tiyo ya yi hanzarin cewa a sayo sabo, ya jawo wa mai mota asara biyu, domin sabon ma haka zai yi.

Game da ƙara kuwa, siririn fito ba laifi ba ne. Ƙara mai kama da jiniya, ko ta gogar ƙarfe, ita ce abin tsoro.

4.0 Matakan Bincike

Daga waje ake farawa: yawan baƙin mai da tsabtarsa, sannan mataci, sannan tiyo ɗaya bayan ɗaya. Bayan an kashe inji ya huce, sai a cire tiyon shigar iska a duba fankar. Fukafukan da suka lanƙwashe ko suka gutsure suna nuna wani abu ya faɗa ciki. Waɗanda bakinsu ya zaizaye kuwa aikin ƙura ne, abin da ba baƙo ba ne a lokacin hunturu. Daga nan a kama sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, tun da gurbin mai ne, muddin fankar ba ta taɓa bango ba. Motsin gaba da baya da hannu ya ji sosai, shi ne shaidar boris ya tafi.

Ko an tabbatar da haka, sauran aiki, wato gano abin da ya kashe shi. Jinkirin juye da gurɓataccen mai suna kan gaba. Haka nan kashe inji nan take bayan doguwar tafiya kan sa man da ya rage ya ƙone ya daskare a bututu, don haka ake barin mota a sulo na minti ɗaya ko biyu. Kafin a ɗaura sabon tarbo, a sauya mai da matacinsa, a sauya bututun da ke kai masa mai, a wanke na'urar sanyaya iska, sannan a ɗura masa mai ta bakinsa a juya sandar da hannu kafin a tayar da inji.