Hoton Tsuntsu A Gonar Rani: Amfaninsa Ga Manoman Kura Da Bunkure

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, noma bai ƙara tsayawa don ɗaukewar damina ba a wannan yanki. Da rani ga alkama da tumatir da albasa, da damina ga shinkafa, waɗansu ma suna maimaita ta da rani. To, amma ba mutane kaɗai suka ji daɗin wannan ruwa ba. Duk inda aka sami ruwa da hatsi shekara zagaye, nan tsuntsaye ke tarewa. Wanda ya tashi daga Kumbotso da sassafe ya bi bakin magudana zai ga balbela da zalɓe da kurciya da shirwa, wata rana har da garken kirinjijiya.

Yanzu kuwa da wuya a sami gidan da babu wayar hannu mai ɗaukar hoto. Samari suna ɗaukar kore shar na shinkafa da faɗuwar rana bisa ruwa, don sha'awa. Babu laifi cikin wannan. Amma da za su juya wayar wajen tsuntsaye, da sun yi wa iyayensu aikin da ya fi na mai gadin gona.

Dalili kuwa shi ne jan-baki. Ɗan tsuntsu ne, nauyinsa wajen giram 20, amma masana sun ƙiyasta cewa babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa, wajen miliyan 1,500 a Afirka. Ainihin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne. Idan suka ƙare, ko suka tsira da faɗuwar ruwa, sai ya auka wa gero da dawa da alkama da shinkafa, musamman sa'ad da ƙwaya take da ruwa kamar nono, ba ta yi tauri ba. Abin da yake zubarwa ƙasa ma ɓarna ce babba. Garke guda yana iya mai da wahalar wata huɗu ta zama ƙaiƙayi cikin 'yan kwanaki, mai gona ya rasa na biyan bashin taki, 'yan kasuwar shinkafa na Kura su ga kaya ya yi tsada.

Da yake abin yana da zafi haka, sai manomi ya riƙa kiran kowane ƙaramin tsuntsu jan-baki. Ya je wurin malamin gona ya ce tsuntsaye sun cinye shi. Waɗanne iri? Nawa ne? Ina suke kwana? Sai a yi ta gardama. Hoto yana raba wannan gardama nan take. Jan-baki bakinsa ja ne mai kauri, jikinsa ruwan ƙasa da zane-zane. Lokacin kiwo namiji yakan yi baƙin fuska, waɗansu fari, ita kuwa mace bakinta ya koma rawaya. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka iri biyu ne dabam.

Ɗaukar hoton ba ta da wuya, haƙuri take so. Jan-baki yana ci ne da safe da kuma la'asar, da tsakar rana ya fake cikin inuwa kusa da ruwa. Sai mai ɗauka ya riga shi zuwa, ya tsuguna a gefen fangali, rana tana bayansa, kada ta haske masa gilashin waya. Kada ya sa farar riga, kada kuma ya bi tsuntsu da gudu. Ya ɗauki na kusa wanda zai nuna baki da fuska, sa'an nan ya ɗauki garken duka tare da wata alama da kowa ya sani, kamar gada ko ƙofar ruwa ko wata babbar kuka, domin a gane wurin. Ya haɗa da hoton zangarniyar da aka ci, a tafin hannunsa. Waya da kanta tana rubuta rana da sa'a, idan an buɗe mata kuma har da inda aka tsaya.

Hoton da ya fi duka daraja shi ne na almuru. A sa'an nan garkuna suke yin jerin gwano kamar hayaƙi zuwa makwancinsu, ko cikin kacalla, ko rake, ko ƙayoyin bakin ruwa. Idan mutane uku a ƙauyuka uku suka ɗauki inda suka nufa a rana ɗaya, malamin gona zai iya gano makwancin. Wannan shi ne abin da ma'aikatar gona take bukata kafin ta turo jirgin feshi, gama da magariba ake fesa su a inda suka kwana. Maganin da aka saba fesawa, wato fenthion, dafi ne mai ƙarfi, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Shirwa ko shaho da ya ci gawar yakan mutu, kuma lalle kada yara su tsinci irin wannan nama. In makwancin ƙarami ne, masu tarko da raga sun isa, a soya a kai kasuwa.

Har ila yau hoto yana wanke waɗanda ake zargi a banza. Balbela da ake gani bayan garma ƙwari take tsinta. Shamuwa tana cin fara da tsutsa. Mujiya da mutane ke jifa don camfi, ita ce ke rage ɓerayen da ke huda gaɓar fangali su yanke shinkafa da dare. Yaron da aka nuna wa hoton balbela da fara a baki ba zai yi saurin ɗaga mata danƙo ba.

Waɗansu tsuntsayen bakin ruwan ma baƙi ne, daga Turai suke zuwa cin rani, kamar waɗanda ke sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, da taimakon 'yan sa-kai masu aika labarin abin da suka gani ta waya. Manomin Bunkure da ke gona kullum ya fi kowane baƙo damar ganinsu.

Akawun ƙungiyar manoma shi ya kamata ya riƙa tara hotunan, kowanne da sunan gona da ranarsa, tun daga fitar kai har girbi. Bayan shekara biyu ko uku za a ga makon da tsuntsu ya saba sauka, a daidaita shuka a yi ta lokaci ɗaya, domin gonar da ta riga saura nuna, ko ta yi baya ita kaɗai, ita ce garke yake tarar wa.